Wankin Butar Tagulla

"Wa ya wanke butar nan?"

Maman 'Yan Biyu ta yi turus a bakin ƙofa, kwanon abinci a hannu. Baba Mai Zane, maƙwabcinta na ɗakin ƙasa, yana zaune gaban allon zanensa da bargo a kafaɗa, ya ƙura wa tebur ido. Butar tagulla na nan inda ya girke ta wata biyu da suka wuce, kusa da kofin gilashi da kyandir, sai dai yau sheƙi take kamar yanzu aka fito da ita daga kanti.

"Ni ce, Baba. Jiya da aka kai ka asibiti. Na ga ta yi baƙi ƙirin."

"Da me kika wanke?"

"Toka da lemun tsami."

"Kin iya aiki," ya ce, sai tari ya sarƙe shi.

Shekara ashirin tana goge-goge a asibiti, idonta ba ya ganin dauɗa ya wuce, ko ta gidan wani ce. Sai yanzu ta dubi zanen da kyau. Butar da ke jikin allon dusasshiya ce, hasken kyandir ya kwanta mata ja-ja a gefe. Ashe dushewar da ta kankare ita bawan Allah yake zanawa. Ga shi jiya da kunnenta ta ji likita na gaya wa 'yarsa cewa kwanaki suka rage masa. 

"Baba, ko in turara mata hayaƙi ta koma yadda take?"

"Dauɗar shekara talatin za ki mayar da hayaƙin yini ɗaya? Ni abin da idona ya gani nake zanawa. Ja labule, ki kunna min kyandir."

Ya ɗauki 'yar wuƙarsa ya kankare butar daga jikin allon. Ita kuwa ji take kamar fatarta ake karcewa.

Tun daga ranar, da ta taso aiki da azahar sai ta wuce ɗakinsa. Ta ja labule ɗakin ya yi duhu, ta yanke sabon kyandir daidai tsawon ɗan yatsa, domin a cewarsa in tsawon ya sauya, haske ma ya tashi daga inda yake. Sannan ta zauna a kujerar da ke gefen tebur.

"Kada ki motsa. Kina kaɗa min wuta."

"Numfashi fa, Baba?"

"Shi ma ki yi a hankali."

Hannunsa na rawa, har sai ya tallafe na dama da na hagu kafin buroshi ya taɓa allo. Wani lokacin ɗigo uku kacal zai yi ya jingina yana haki. Sau biyu tana cewa ya yafe mata, sau biyu yana cewa, "Ke dai zauna." Kunya ba ta bar ta ta zagaya ta leƙa aikin ba.

Ran kwana na takwas ya ce a kwantar da shi. Bai sake tashi ba. Ya cika da hantsi, 'yarsa na riƙe da hannunsa.

Bayan mako guda 'yar ta kira ta su haɗa kayan ɗakin. Suka yaye labule, 'yar ta juya allon ya fuskanci taga. An gama kofin, an gama butar. Kyandir ɗin kuwa yana tsaye da baƙin lagwani, babu wuta a kansa.

"Harshen wuta shi yake zanawa ƙarshe, kullum haka yake aikinsa," in ji 'yar. "Da ya ƙara kwana ɗaya ma..."

"Ni na cinye masa kwanakin," Maman 'Yan Biyu ta ce. "Da ban taɓa butar nan ba, da ya gama."

"Mama, matso ki gani."

Ta matsa. A jikin butar mai sheƙi ta cikin zanen, ɗakin ne gaba ɗaya kamar a madubi, ya lanƙwashe: labule, ƙofa, gefen gado. Can a tsakiya ga wata mata da ba ta wuce ƙwayar wake ba, zaune a kujera, ɗankwali ya karkace, hannuwa a kan gwiwa. Hasken wutar da ba a zana ba ya kwanta mata a kumatu.