Hagun Wa?

Auta yana kan rufin wani gida yana buga kwano lokacin da wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi bayan gidan bulo. Ya ga wuta a fiffike ɗaya, ya ga hayaƙi, sai ƙara. Da masu bincike suka zo, ya ce musu, "Na hagu ne ya kama."

Maganar ta sanyaya gidan yayarsa, inda yake zaune. Mijinta makanikin jirage ne, kuma injin dama ne ya kwance ya ɗaura kafin jirgin ya tashi. Tunda hagu ne, ba ruwansa.

Sai aka sake kiran Auta ofishin masu binciken. Da safe Yaya tana goge masa riga, ta ɗaga ta a gabanta, ta yi turus. Aljihun hagu, ga shi ta hannunta na dama.

"Auta, jirgin nan tafiya yake ko zuwa?"

"Kaina ya nufo. Har guduma na yar."

"To hagunka ka faɗa musu, ko nasa?"

Ya dubi hannuwansa. Abin da ya fuskance ka, hagunka damarsa ce.

Ta rage murya. "Ka ce bayansa ka gani."

"Hancinsa na gani."

"Kai da har ka shiga aji uku kana sa takalmi a baibai! Yau ka zama mai ido?"

"Akwai mutane a ciki, Yaya."

"Mu nan gidan awaki ne? Mai shayi ya ce a sama ya fashe. Mai faci ya rantse bai ga wuta ba sam. Kowa da tasa. Taka ce kaɗai ba ta lanƙwasuwa?"

"Su faɗi inda suka tsaya, in faɗi inda na tsaya. Ban ce mijinki ya yi laifi ba, ban san cikin inji ba. Amma ba zan juya jirgi da baki ba."

"Ni na goya ka, marar kunya."

"Na sani."

"In ka faɗa musu haka, kada ƙafarka ta sake tako min gida."

Ya karɓi rigar da ɗuminta, ya sa, ya ɓalla maɓallai har wuya. Ya zaro makullin ƙofar gida daga wandonsa, ya ajiye kusa da dutsen guga. Ta ƙi kallonsa. Ya rataya jakar kayan aikinsa, ya fita.