Sunayen da Baba Ya Raɗa

Ranar Litinin Auta za ta kama sabon aiki a wani gari mai nisa, yau kuwa Asabar, kuma har yanzu zuciyarta a rabe take. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Likitar gashin ƙashi ta faɗa ba ɓoye-ɓoye, in ya bar motsa jiki na mako biyu, hannun zai sandare. Umma tana shago tun safe har yamma. Auta ta riga ta yanke a ranta cewa in Baba bai iya kunna darussan da kansa ba, ta haƙura da aikin.

Darussan takwas ne, likitar ta ɗauke su a bidiyo. Auta ta zuba su a wata 'yar na'urar kallo mai maɓallai huɗu, don yatsan Baba ba ya shiri da gilashin waya. Sai dai sunayen da ke kan allon, Allah ya sawwaƙe: VID_0417, VID_0422, haka har ƙasa. Wanda ya ƙirƙiro irin wannan suna, da gani bai taɓa jinyar kowa ba.

Ta jona na'urar da kwamfutarta a teburin falo, ta shiga sauya sunayen ɗaya bayan ɗaya. Da yake ita mai son tsari ce har ya yi yawa, sai ta rubuta "Motsa jikin Baba na safe, juya kafaɗa", wani kuma "Motsa jikin Baba na safe, buɗe yatsu". Ta zare kebul, ta miƙa masa tana jiran yabo.

Baba ya gyara tabarau da hannun hagu, ya daɗe yana kallo.

"Auta, ai duk sunansu ɗaya. 'Yan takwas aka haifa?"

Ta karɓa ta duba. Allon bai fi kwalin ashana ba, harafi goma sha huɗu kawai yake ɗauka. Layi takwas reras, kowanne "Motsa jikin Ba". An gudu ba a tsira ba. Hawaye suka cika mata ido, don ta gaji, kuma tana son aikin nan kamar me.

"Mayar da igiyar," in ji Baba. Shekara talatin ya yi yana tuƙa babbar mota, muryar ba da umarni ba ta shanye ba. "Kin taɓa ganin an rubuta wasiƙa a kan sandar giyar mota? Lamba ce kawai. Kunna min su, ni zan raɗa musu suna."

Ta kunna na farko a kwamfuta, likita tana juya wuyan hannu.

"Wannan Makulli ne."

Ta rubuta "1 Makulli", lambar a gaba don na'urar ta jera su daidai. Na juya kafaɗa ya zama "2 Sitiyari", na taka ƙafa "4 Burki". Da suka zo kan na buɗe yatsu, wanda ke sa shi gumi kullum, Baba ya ja tsaki.

"Sa masa Canjin Taya. Ba wanda ke so, kuma ba makawa."

Dariya ta ƙwace mata, hawayen ma ba su bushe ba.

Da ta gama, ta ajiye masa na'urar a cinya, ta shige kicin da gangan, ta tsaya bayan ƙofa ta kasa kunne. Shiru, shiru. Can sai muryar likita ta tashi: "Buɗe yatsunka a hankali."

Ta leƙo. Ashe mafi wahalar ya zaɓa, kuma da babban yatsan hannun dama ya danna, yatsan yana ta rawa a kan maɓallin.

"Na gan ki," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Kira mutanen aikin nan ki ce musu kina tafe."

"Baba, ka tabbata?"

"Ke dai kira. Kina hana ni jin likita."

Ta ɗauki wayarta ta fita baranda, sai da ta share fuska sau biyu kafin ta iya ganin lambar.