Bangon Baya

Rumaisa ta miƙa wa Malam Muzzammil mujallar tallan motoci, ta ja da baya tana jiran yabo. Kwana tara ta yi tana tsara bangon nan a shagonta na Kalgo: baƙar mota mai sheƙi, siririn rubutu, sauran wurin fari fes. Malaman jami'ar da ta nuna wa jiya sai da suka ɗauki hotonsa. Amma Alhaji Abdulbaƙi, dillalin motocin da ya ba ta aikin, ya ce rabin masu sayensa direbobin Gwandu ne, in mujallar ba ta yi musu ba, bayan la'asar zai kai aikin Sakkwato. Abin da ya kawo ta tashar Gwandu ke nan, wurin tsohon direban da ake jin maganarsa.

Malam ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya kifa mujallar, ya buɗe ta ta baya. Babu komai a shafin sai lambar waya.

"Ɗiyata, ina motar?"

"Baba, ai ta ɗaya gefen ake buɗewa."

"Ni tun ina ɗan shekara bakwai ta nan nike buɗe littafi."

Ta ɗauka rigimar tsufa ce, ta miƙa wa wasu direbobi biyar. Huɗu suka kifa ta yadda ya yi. Sai a lokacin ta tuna cewa mutanen nan da littattafan makarantar ilimi suka tashi, hannunsu daga dama yake farawa. Bangon da ta yi kwana tara a kansa, duk a ƙasa suke ajiye shi, kamar gindin tukunya. Kunya ta kama ta sosai.

Da suka kai ga baƙar motar ma, ba wanda ya yi salati.

"Wagga buhu nawa na albasa taka ɗauka?" in ji Malam. "Tana shiga Maruda da damina? Kayan gyaranta fa, sai Legas?"

Kunyar ba ta daɗe ba, don Rumaisa ba mai tsayawa jin ciwo ba ce. Ta zaro biro da takarda.

"Baba, rubuta mini tambayoyin nan da ajami, manya-manya, yadda kuke faɗarsu."

Ya rubuta yana gyara zama, an zo fagensa. Ta ɗauki hoton wata farar bas da aka labta wa albasa, ta hau motar Kalgo.

Bangon gaba ba ta taɓa shi ba, na malaman jami'a ne. Na bayan ta cika shi da bas ɗin, ta ɗora ajamin Malam da launin ɗorawa wanda ake hangowa daga nesa. Shafuka huɗu suka tafi daga dama: cin mai, tsayin mota daga ƙasa, inda ake samun kayan gyara. Huɗun boko suka taho daga hagu, duka suka haɗu a tsakiya kan lambar Alhaji.

Ana idar da la'asar Alhaji ya shigo shagon da makullin mota a hannu, ko zama bai yi ba. Ya juya mujallar, ya sake juyawa, ya ɗaure fuska.

"Ke, mi kinka yi haka? Ina gaba nai?"

"Duk inda mai saye ya buɗe, Alhaji."

"Aikin banza. Wa zai buɗe mujalla ta baya? Mutanena ba ƙauyawa ba ne."

Rumaisa ta tura masa kujera. Ya zauna yana mita, ya lasa yatsa, ya ɗaga bango daga dama. Leɓensa ya fara motsi a kan ajamin, shafi ɗaya, shafi biyu. Sai da ya kai tsakiya ya ga lambarsa, sannan ya dubi hannunsa, ya dubi Rumaisa.

Ya ajiye makullin a kan tebur.