Saƙon Shan Magani

Firdaus na cikin duba layukan manhajar asibiti a ofishinsu na Salaga, Sadick, shugaban aikin, ya dangwarar da waya gabanta.

"Sista Firdaus, reshen Bawku ne kuma. Matan nan ya kira yana kuka. Mijinta ya mutu tun azumi, sistem namu na ce masa ya sha magani kullum."

Ta san matsalar sarai. Idan majinyaci ya rasu, manhajar takan kira wani umarni da aka ajiye cikin rumbun bayanai, shi ke rufe sunansa. Umarnin yana aikinsa. Amma ORM, wato ɗan aiken da ke kai-kawo tsakanin manhajar da rumbun, bai san an yi ba, sai ya riƙe tsohon kwafin da ke hannunsa, inda mutumin yake da rai. Layi guda ne gyaran: a ce masa ya koma ya sake dubawa bayan kiran.

Ta daɗe tana ja wa layin nan rai, kuma ba don lalaci ba. Mahaifiyarta, Amamatu, ta rasu a reshensu na Yendi, kuma lambar Baba aka sa mata. Kowace safiya wayarsa takan yi ƙara: "Amamatu, lokacin magani ya yi." Tsohon da ko kiran waya bai iya ɗagawa da kyau ba, ya koyi buɗe saƙo. Ya taɓa ce wa Firdaus tun da aka watse daga sadakar arba'in, babu mai kiran sunan a gidan sai wannan abu.

"A bar mutum ɗaya mana," ta ce a hankali.

"Wane mutum?"

Ta tuna matar Bawku, kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Ta rubuta layin, ta gwada, ta tura. Sunayen mamatan suka rufe, har da na uwarta.

Washegari da hantsi Baba ya kira.

"Firdausi, yau saƙon uwarki bai zo ba. Ko wayar ce ta lalace?"

"Netwok ne, Baba."

"To, ba komai," ya ce. "Na sa ta a caji, ina nan zaune ina jira."