Sunan da Hemalata Ba Ta Rubuta Ba

Labarin Hemalata na farko da ya fito a wata mujalla ta birnin Cuttack a kan wani mutum ne da ya hana matarsa waƙa, ya jefa akwatin kiɗanta a rijiya. Ba ta ba mutumin suna ba. “Shi” kawai ta riƙa cewa daga farko har ƙarshe, don mahaifinta ne, kuma yana raye, makaho, a ɗakin baya na gidan mijinta.

Da mujallar ta iso ta buɗe, sai ta ga an taɓa mata labarin. Duk inda ta sa “shi”, an sa Bhagirathi, sunan mijinta. Mutumin da ke sayo mata takarda, wanda ya ɗauko surukinsa ya riƙe duk da gorin dangi.

Ko tukunya ba ta sauke ba, ta hau keken haya sai ofishin editan, Nilamani, abokin karatun mijin, mai shisshigin tsiya. Ta same shi yana tauna ganyen paan, wanda ake ci kamar goro, baki ja wur.

“A'a, matar Yaya! Godiya kika zo yi?” in ji shi. “Na ga kunya ta hana ki, kamar kowace matar kirki ba kya kama sunan miji, sai na cike miki gurbin.”

“Ba shi ba ne! Ka cire sunan… sunan baban Mini.” Da sunan ’yarsu take kiran mijin.

Ya ƙyalƙyale da dariya. “Kin gani? Ko yanzu kin kasa faɗa. To wane ne in ba shi ba? Faɗa mini in buga gyara.”

In ta wanke mijinta, ta tona asirin uban da ya haife ta, yana tsoho yana cin abincin suruki. Haka ta juya ta fito.

A gida ta tarar da abin da take gudu. Bhagirathi na zaune a baranda yana karanta wa tsohon mujallar, kamar yadda ya saba bayan cin abincin rana. Ya riga ya kai wajen rijiya. Muryarsa ba ta canza ba, sai dai yana yin ƙasa da ita duk inda sunansa ya zo. Da ya gama, ya ninke mujallar a hankali ya ɗora a cinya.

Tsohon ya yi tsaki. “Kai, wannan azzalumi ne! Bhagirathi, ashe haka kake? Ina cikin gidan nan kake yi wa ’yata wannan?”

Hemalata ta zuba wa mahaifinta ido, tana jira ko zai tuna ƙarar akwatin nan da ya faɗa ruwa, da yadda uwarta ba ta sake ko guna-gunin waƙa ba har ta mutu. Babu alama. Da gaske ransa ya ɓaci.

Mijinta bai ko juya wajen tsohon ba. Ita ya duba, ba faɗa, ba harara, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

“Maman Mini,” ya ce, “haka kike ganina?”

“Yi magana mana, ’yata,” in ji tsohon, yana laluben hannunta. “Kada ki ji tsoro, ubanki na nan.”