Dawar Baba Dakta

"Cire ledar nan! Tela, na ce ka cire ta!"

Saura kaɗan in faɗo daga kan kujerar da na taka. Mutumin da ya kwana biyu bai iya ɗaga cokali ba, ga shi riƙe da ƙarfen taga yana yi mini tsawa.

"Baba Dakta, ba kai ka ce a rufe kan dawar ba?"

"Da takarda! Leda gumi take yi, kafin la'asar ka dafa mini ita. Kai dai wajen ɗinki aka san ka, shi ma ɗin hannun riga ɗaya ya fi ɗaya."

'Yarsa, nas ce, ta rungumo shi ta baya. "Baba, don Allah ka kwanta."

"Kwanciya tana gaba, uwata. Doguwa ma."

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Baba Dakta. A cibiyar binciken amfanin gona ya tsufa. Tun yana saurayi suke bin ƙauyuka a bayan akori-kura suna karɓar iri, a kawo a adana a ɗakin sanyi. Wata shekara injin ɗakin ya mutu, iri da dama suka bi shi. Cikinsu har da wata jar dawa gajera wadda ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, ba ya iya mata, wadda wata tsohuwa ta kwance masa daga bakin zaninta. Ragowarta ce ya samu a gindin wata kwalba, ya shuka a bayan ɗakinsa. Kaɗan suka tsiro. Yau kuma sun fitar da kai, suna shirin fure.

Matsalar ita ce tawa dawar, doguwa, tana leƙo katanga. In iska ta kwaso garin furenta ta zuba wa tasa, iri ya gauraye, shi ke nan an rasa ta har abada.

Na fizge ledojin, na ruga shago. Buhunan siminti na takarda da magini ya bari a lungu na kwaso, na kakkaɓe, na yayyaga ɓawon ciki mai tsabta, na hau keken ɗinki. Tunda nake ban taɓa ɗinka takarda ba. Allura ta karye, na sa wata. Matata tana yanka, mai shayin bakin layi ya bar tukunyarsa yana kaiwa da gudu, nas tana ɗaurawa, Baba Dakta yana ba da umarni ta taga kamar mai jan yaƙi.

"Kar ki shaƙe ta, uwata, ba mara lafiyarki ba ce! Sassauta zaren!"

Takarda ta ƙare, kawunan dawa ba su ƙare ba. Sai ga iska ta juyo daga wajen gidana, dawata tana rangaji a kan katanga.

Na waiwayi Baba Dakta. Idonsa kawai na gani.

Na shiga gida na ɗauko lauje.

"Maigida, abincinmu fa?" in ji matata.

"Tamu akwai ta a kowace kasuwa."

Ta dube ni, ta dubi tagar, sai ta ɗaura ɗankwali a ƙugu. "To ba ni adda, kai ba ka da sauri."

Muka kwantar da ita kaf. Da na ɗago, na ji dariya daga taga, tana fita da tari.

"Tela! Na yafe maka hannun rigar!"

Bai sake tashi tsaye ba. Kullum da safe nas takan kwance jaka guda ta leƙa, ta gaya masa abin da ta gani. Ranar da ƙwaya ta yi ja, ta yanko reshe ɗaya ta sa masa a tafi. Ya murza da babban yatsa, ya kai hanci.

"Ita ce," ya ce. "A kira cibiya. A ce musu dawar ta dawo."

Kafin motarsu ta iso ya cika.

Da muka dawo daga rakiyarsa, na tsaya a bakin katanga. Wata matashiyar ma'aikaciyar cibiya tana bin layi da almakashi a hankali. Jakunkunan da ba ta kai gare su ba suna tsaye bisa karan, da karkataccen ɗinkina na jan zare, iska tana kaɗa su suna ƙaras-ƙaras a gaban tagar da ba a rufe ba.