Hoton Kwarin Kanya

Daren jiya da kyar barci ya zo mini, yana zuwa kuma sai ya taho da wani mafarki, ya aike ni ɗauko hoton garinmu.

Sana'ata ɗaukar hoto ce, amma ba na biki ko na suna ba. Ni daji nake ɗauka, da gonaki da duwatsu da bakin teku, irin waɗanda ake bugawa a kalanda a rataye a bango, shekara ta ƙare a naɗe ƙosai da su. Mahaifiyata, Inna Ayashe, tana zaune a wurina a birni tun da 'yan bindiga suka tashi garinmu, Kwarin Kanya. Hawan jinin ido ya cinye mata idon hagu, na dama kuma saura ƙiris, likita ya ce abin da ya tafi ya tafi. Ba ta taɓa roƙona zane ko nama ba. Abu ɗaya take faɗa idan ta ji na saɓa jaka: "Auta, kai da kake ɗauko ƙasar mutane, ka ɗauko mini tamu mana in gani tun idon nan bai rufe ba." Hoton garin da na taɓa ɗauka ya ƙone tare da ɗakinta. Hanyar garin kuwa, ko direban da ya fi kowa taurin kai ba ya bin ta yanzu.

A mafarkin sai na gan ni a tasha da kyamara a wuya. Babu mota ko ɗaya. Akwai dai wani ofis, a ciki wata akuya ce zaune bayan tebur da tabarau, tana tuƙa. Ban yi mamaki ba, na shiga ofisoshin da suka fi wannan wuyar sha'ani. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Ina zuwa?"

"Kwarin Kanya, ranki ya daɗe. Hoto zan ɗauko."

"Da sama ko ban da sama?"

"Da sama, in da hali."

"Wa ya aike ka?"

"Mahaifiyata."

"Ido nawa ya rage mata?"

Na ce bai kai rabi ba. Sai ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "To lallai sauri ya kama ka. Mu nan a zaune ake sauri. Wanda ya ruga da ƙafa, sai jikokinsa su isa." Ta nuna mini wani benci da ƙahonta. Na zauna, na rungume kyamarata.

Bencin bai motsa ba, garin ne ya zo. Na ga hanyar rafi ta wuce ta ƙarƙashin ƙafata, sai gonar kawuna, sai rumbuna baƙi ƙirin yadda wuta ta bar su. Babu mutum, babu kaza. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi, ɗigo-ɗigo, yana hawa sama yana shigewa cikin gajimare. Duk inda ya tashi sai ƙasar ta ƙara bushewa. Ya jiƙa mini tafin ƙafa da ƙasan haɓa, hulata ko laima ba ta yi ba.

A bayan garinmu akwai wani dutse da kowa ke kira Dattijo. Shi Inna ta fi ambata, don a gindinsa aka haife ta, a inuwarsa ta yi tallan nono, daga kansa ake hango gari gaba ɗaya. Na same shi a kishingiɗe, ya yi futu-futu da ƙura. Na tsuguna na gaishe shi yadda ake gaida manya.

"Ɗan wa ke nan?"

"Autan Ayashe ne, Baba."

"Ayashe mai satar kanya. Tana lafiya?"

"Da sauƙi. Ita ta aiko ni in ɗauke ka hoto."

Ya dubi jikinsa sama da ƙasa. "A haka? Yaro, kana da hankali kuwa? Ka kai wa Ayashe hotona da wannan dauɗa, ta ce bayan tafiyarsu na lalace? Bari in yi wanka in sa koren kaya."

Na san wannan magana, na sha jin ta a bakin mutanen ƙauye. Ka sami tsoho a gona, haske ya zauna masa daidai, kana ɗaga kyamara sai ya ce dakata ya je gida ya sako babbar riga. Kafin ya dawo rana ta take, abin da ka gani ya tafi. Na ce, "Baba, yadda kake ɗin nan ma ya isa, ba ta da lokacin jira." Ya ce shi bai taɓa jin an yi hoto ba wanka ba, kuma ruwan garin duk ya koma sama tun da babu mai roƙonsa. In ina so, in je in aro masa a wurin teku.

Na buɗe baki zan ce teku tafiyar kwana da kwanaki ce, sai na ji ƙamshin gishiri. Ashe tekun tana nan bayan rumbun kawuna, ta shimfiɗa tabarma, tana ta kai da kawo. Na yi shekaru a Ikko ina ɗaukar ta safe da yamma, don haka ta gane ni tun daga nesa.

"A'a, mai hoto! Kai ne kullum ka zo ka kafa ƙafafun ƙarfe a gabana, ka ɗauka ka tafi. Ina nawa? Ko guda ka taɓa kawo mini?"

"Ai ba a gama wankewa ba, Hajiya."

"Haka kuke cewa dukanku."

Na kwantar da kai na gaya mata abin da ya kawo ni. Da ta ji zancen idon Inna sai ta ja da baya, ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo ta ce ita ma cike take da mutanen da ake jira a gida, ta san zafin abin. Ta ba ni ruwa a bokiti, ta ce in kife shi baki ƙasa, in ba haka ba zai tsere mini sama. Na rungumo bokitin a kife, ruwan yana ta dukan gindinsa yana neman hanya.

Dattijo ya yi wanka a tsanake, kamar ba shi ake jira ba. Ya cuɗa nan, ya cuɗa can, ya tambaye ni ko bayansa ya fita. Ni kuwa idona yana kan rana, don na lura wasu awaki biyu sun ɗaura mata igiya suna sassautawa a hankali. Sai ga ciyawa ta fito masa tun daga gindi har ƙeya, shar da ita. Haske ya sauko a kaikaice, ja-ja, mai laushi, ya kwanta a kafaɗarsa. Duk shekarun da na yi ina tashin asuba ina bin haske, ban taɓa samun irinsa ba. Na kafa kyamara. Na ce a raina yau Inna za ta ga gida.

"Dakata," in ji Dattijo. "Ni kaɗai? A ce an yi hoto a garin nan ban kira kowa ba? Da wane ido zan dubi maƙwabta?"

Ya yi gyaran murya, gari ya amsa. Kanyar bakin rafi ta tumɓuke kanta ta taho tana karkaɗe saiwa. Kukar kasuwa ta biyo ta tana haki. Rijiya ta zo da gugarta a kafaɗa. Gonaki suka naɗe kansu suka gangaro, rumbuna suka zo suna jin kunyar baƙin jikinsu, aka ce su tsaya daga baya ba za a lura ba. Hanyar rafi ta kwanta a gaba ta tokare kai da hannu, wai ita 'yar birni. Har teku ta leƙo ta ce tun da da ruwanta aka yi wanka, ai ba a bar ta a baya ba.

Na ce, "Don Allah ku koma wurarenku. Ba haka ta san ku ba. Kanya a bakin rafi take, rijiya a gabas da masallaci. In ta gan ku a jere ba za ta gane garin ba."

Kuka ta ce, "Ji yaro. Ina aka taɓa yin hoto a warwatse? Dogaye baya, gajeru gaba."

Suka jeru, suka ƙame, kowa ya sauke hannu ya ɗaure fuska. Abin da ke cikin gilashina bai yi kama da Kwarin Kanya ba, bai yi kama da ko'ina ba. Raina ya ɓaci, na ji kamar in yi jifa da kyamarar. Amma rana ta riga ta sauko daidai kafaɗar Dattijo, kuma da babu gara ba daɗi. Na ce to kowa ya dubo nan.

Sai na ga suna matsawa. Kanya ta ja dama, rijiya ta ja hagu, suka bar wani ɗan fili a tsakiya, daidai tsayuwar mutum ɗaya marar jiki.

"Wannan fa?" na tambaya.

"Wurin Ayashe ne," in ji Dattijo. "Je ka kira ta."

"Baba, ai ita za a kai wa hoton."

"To ta zo ta tsaya, in ka ɗauka sai ka kai mata ta gani."

"Ba za ta iya zuwa ba. Hanya ba ta biyuwa. Da za ta iya zuwa, me za ta yi da hoto?"

Rijiya ta ce, da wata murya mai zurfi, "Tun tana yarinya take leƙa ni kullum safe. Ni ba na shiga hoton da ba ta ciki." Kanya ta ce ita ma haka. Gonaki suka yi ta gunaguni, wai garin da ba mutane ai ba gari ba ne, kada a je a nuna su a haka a ce sun kori masu su. Na durƙusa na roƙe su da girman Allah. Na ce musu idonta saura ƙiris, na ce ba ta neman komai a duniya sai su. Suka ce su ma ita suke nema, shi ya sa za su jira. Dattijo ya ce, "Mu ba ma gaggawa, yaro. Ko shekara ɗari ce muna nan."

Ban taɓa jin magana mai daɗi da ta yi mini ciwo kamar wannan ba.

Na yi abin da mai hoto ke yi idan an ƙi tsaya masa: na yi kamar ina gyara gilashi, na danna a sace. Takarda ta fito ta ƙasan kyamarar da ɗuminta. Na kare ta da tafin hannu na duba. Babu Dattijo, babu kanya, babu sama. Ɗan filin nan ne kawai ya fito, ƙasa tsura, daga gefe zuwa gefe. Na sake dannawa, shi ne dai. Na ce to bari ni in tsaya mata, ai jininta ne. Suka yi shawara suka ce an yarda. Na shiga filin na tsaya, na dubi kyamara, babu kowa a bayanta.

Awakin nan suka ce an tashi aiki. Suka saki igiya, rana ta tafi ƙasa, koren jikin Dattijo ya fara tashi sama ɗigo-ɗigo. Na ce a ba ni ɗan lokaci in ɗauko ta ko a goye ne. Na ruga, ina gudu ina kiran Inna, ƙafafuna suna aiki amma rumbun kawuna yana nan kusa da ni bai matsa ba. Na nemi bencin ban gan shi ba. Na zauna a ƙasa, garin bai tafi ba, birni bai zo ba. A bayana ina jin su suna cewa, "Matsa kaɗan, kada ka shiga wurinta." Na kifa kai a gwiwa ina kuka, hawayen suna bi ta goshina suna hawa.

Ƙarar buta ce ta tashe ni, ta faɗi tana gangarawa a kan siminti.

Na fito a gigice. Na makara ƙwarai, hantsi ya riga ya cika tsakar gida, har kajin maƙwabta sun shigo kiwo. Inna tana tsaye a tsakiyar ranar, fuskarta a sama, idonta a buɗe, tana laluben butar da ƙafa.

"Auta, kai ne? Kunna mini fitila in yi alwala. Yau garin ya ƙi wayewa."

Na ce, "To, Inna." Na shiga ɗaki na ɗauko fitilar, na kunna.